Littafin da Yaya Kande Ta Ara a Jidda

Tun da na dawo, ba a yi yammacin da wani bai zauna a bencin ƙofar shagona ya ce in ba shi labarin Saudiyya ba. Wasu farashin zinariya suke tambaya, wasu ko gaskiya ne ana rufe kantuna in an kira salla. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma in na fara labarin akwai inda nake kaiwa murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya tambaya in miƙa masa. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba, sai a yi haƙuri da yadda ya zo.

Umra na je yi, wannan gaskiya ne. Amma akwai saƙon da ya kai ni Jidda.

Yaya Kande ita ce babba a ɗakinmu. Ta tafi aikin hajji da mijinta ina saurayi ina koyon ɗinki, suka zauna a can. Mijin ya rasu, ta riƙe 'yarsu ɗaya, Nawal, da sana'ar waina a wata unguwa da ake kira Karantina. Daga baya ciwon suga ya tafi da idonta, Nawal ta ɗauko ta ta dawo da ita gidan aurenta. Muna waya kusan kowace Juma'a. Wata rana ta ce da ni, "Garba, na sauke littafi."

Na ce, "Yaya, ke da ba ki yi boko ba, ga ido ya tafi?"

Ta ce, "Da kunne nake karatuna. Kai da kake da ido biyu, nawa ka sauke bana?"

Daga nan duk wayar da za mu yi sai ta ba ni labarin abin da ta ji. A wayarmu ta ƙarshe tana asibiti, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce akwai aro a wuyanta. Na ce ta faɗi ko nawa ne. Ta ce ba kuɗi ba ne, littafin mutane ne, na gidan littattafai, ba ta samu ta mayar ba. "Nawal ba ta ɗauki abin da nauyi ba. In Allah ya kawo ka, kai ka kai musu." Na ce to. Ban sake jin muryarta ba.

Kun san yadda muke yi a nan. Kafin a ɗauki gawa sai a tashi a tambaya ko akwai mai bin mamaci wani abu. Ni ba na wurin da aka ɗauki Yaya, ban san ko an tambaya ba. Abin ya tsaya mini har aka samu biza, farkon damina.

Daga Funtuwa zuwa Kano a motar haya na tafi, akwatina a kan cinya saboda direba ya cika but da buhunan barkono. A filin jirgi muka wuni. A nan na haɗu da Alhaji Mudi, ɗan kasuwa mutumin Gusau, wanda ya ce shi ya daina ƙirga zuwansa. Da ya ga ina juya fasfo kamar zai cije ni, sai ya ce, "Malam, farkon zuwa ne? To ka riƙe bayan rigata, in na shiga banɗaki kawai za ka saki." Ya cika alkawari. Shi ya nuna mini yadda ake ɗaura harami kada ya kwance, shi ya ɗaure mini bel ɗin kujera, shi kuma ya cinye rabin abincina da ya ga jirgi ya hana ni ci.

A Jidda, wurin duba fasfo, ana ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Shekarun allura da almakashi sun shafe mini zanen yatsa. Jami'in yaro ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya kama hannuna ya duba, ya yi wata magana, sannan ya goga yatsansa a goshinsa ya nuna ni. Na ɗauka gaisuwa ce irin tasu, sai na dafa nawa goshin na rusuna. Alhaji Mudi daga baya ya ce, "Goga yatsanka a goshi yake cewa, maiƙon ne zai sa ta kama." Na goga, ta kama. Yaron ya buga hatimi yana dariya, ya ce, "Yalla, ya hajji."

Sai wurin kaya. Matata ta ƙulle mini daddawa da kuka, domin duk mai tafiya da muka sani abin da muke ba shi ya kai wa Yaya ke nan. Ban yi tunanin mai shan miyar ba ta nan ba sai da aka buɗe akwatin. Mai binciken ya kwance ledar, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa ya zo shi ma ya sha warin. Alhaji Mudi ya yi ta nuna musu baki da ciki har suka gane abinci ne. Suka ɗaure da sauri suka ce in wuce. Shi kuwa goron da ya ɓoye cikin safa suka karɓe. Har muka shiga motar Makka yana mita, wai ƙasar da take barin daddawa ta hana goro sai addu'a.

Ba zan yi dogon bayani kan Makka ba, waɗanda suka fi ni baki sun yi. Na yi umrata, na yi wa Yaya da iyayenmu addu'a. Da na ga Ka'aba na tuna sau da yawa takan ce in na zo ita za ta riƙe hannuna a ɗawafi ko da ba ta gani, don ta san hanya. Na rabu da Alhaji Mudi a can, mijin Nawal ya zo ya ɗauke ni.

Sunansa Usman. Bahaushe ne, amma na Sudan, kakanninsa ne suka tsaya a hanyar hajji. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata. Yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Gidansu a unguwar Safa yake, hawa na uku a wani bene.

Nawal rabona da ita tun tana 'yar yarinya da suka zo gida. Da ta buɗe ƙofa sai ta kama kaina ta sumbaci goshina, haka suke yi wa manya. Ta ce, "Kawu, alhamdu lillahi ala salama. Ka gaji katir?" Hausarta haka take, rabi da rabi. Amma tafiyarta da yadda take karkata kai in tana sauraro, na uwarta ne sak. Na zauna na yi ta kallon kafet.

Zaman gidan bene sai wanda ya saba. Kowa ƙofarsa a rufe, ba zaure, ba wanda zai leƙo ya ce ina kwana. Na gaida wani maƙwabci a lif, na tambaye shi iyali da gajiya, ya amsa da kalma ɗaya ya ci gaba da kallon lambobi. A waje zafi kamar bakin tanda, a ɗaki kuwa Usman ya sakar mini sanyi don girmamawa, har na kwana cikin bargo na tashi da mura. Da safe wake ne dakakke da man zaitun, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Ya yi mini daɗi. Akwai kuma shinkafa da suke dafawa da madara har ta yi kamar fate, a ɗora kaza a kai. Wannan na ci ne don kada a ce ban ci ba. Da Nawal ta ga daddawar sai ta ɗauka ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Ranar tuwo muka ci.

Bayan na huta na yi mata maganar littafin. Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe cikin ɗankwalin uwarta. Na sa hannu biyu ina jiran nauyi. Da ta warware sai ga wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, da igiyar sawa a kunne.

Na ce, "Ina littafin?"

Ta ce, "Yana ciki. Yani, da yana ciki. Ummi Malam Ƙarami take ce masa."

Ta yi mini bayani a hankali, zan faɗa yadda na fahimta. Akwai gidan littattafai na jama'a, irin laburarenmu, su maktaba suke cewa. Mai iƙama, wato takardar zama, yana iya yin rajista a ba shi kati. Ban da littattafan takarda, suna da waɗanda ake karantawa a allon kwamfuta, ana ma iya ƙara girman rubutun, da kuma waɗanda wani mai murya mai kyau ya karanta aka naɗa. Irin waɗannan ba a ɗauko su a hannu. Lambar kati ake bugawa a kwamfuta, littafin ya sauko, a zuba shi cikin na'ura. Aro ne na mako biyu. In lokaci ya cika sai ya kulle kansa.

"Shi ke nan, Kawu, halas. Ya koma tun Ummi tana asibiti. Na gaya mata, na sake gaya mata."

Ta kunna ta nuna mini. Ga sunan littafin da Larabci a ɗan gilashin, amma in an danna ba ya magana.

Na ce, "To ga shi nan a rubuce. Wa ya kai? Wa ya karɓa?"

"Ba wanda ya kai. Haka yake."

Ni a sanina, abin aro ƙafa ke mayar da shi. In na ari tsani ko tukunyar biki, ni zan ɗauka in kai, in yi sallama, mai shi ya ce ya gani. Ban taɓa jin tsanin da ya koma da kansa ba. Na ce mata ban ƙaryata ta ba, amma ni alkawari na ɗauka, sai na kai.

Sai ta naɗe na'urar ta riƙe a ƙirjinta. Ta ce in an kai gogewa za su yi, haka suke yi kullum, su goge tsohon su zuba sabo. Kuma na'urar tana riƙe daidai inda mutum ya tsaya. "Nan Ummi ta tsaya, Kawu. In sun goge, shi ma ya tafi." Ba ta ɗaga murya ba. Ni ma ban ɗaga ba. Na ce ta yi tunani. Muka kwana a haka, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Washegari da kanta ta ce mu je. Usman ya kai mu, muka tarar da ƙofa a rufe. Alhamis ce, su kuma Alhamis da Juma'a ne hutunsu. Su biyun duk sun sani, hankalinsu ne ba ya jikinsu. Usman ya ce tunda an fito, bari a kai ni in ga inda Yaya ta yi rayuwarta.

Karantina ta kudu take, kuma da shigarmu na ji kamar an sauke ni a wata unguwa ta Kano. Lunguna ƙanana, ruwa kwance a hanya, mata zaune da tiren gyaɗa da turare, ga mai tsire yana fifita wuta. Hausa ko ta ina. Wani ya ji ana cewa ƙanen Kande ne, kafin mu kai ƙarshen lungu an tare ni da gaisuwa ta ko'ina, har wani tsoho ya ce ya ci wainar Yaya tun bai yi aure ba.

Aka kai ni ɗakin ƙawarta, Hajiya Tabawa, tsohuwa mutuniyar Damagaram mai haƙorin Makka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne telan? Ta ce kai ne mai kunnen ƙashi a gidanku."

Na ce, "Hajiya, ai a wurinta na koya."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta share ido da gefen mayafi. Ta ce ko bayan Yaya ta koma Safa, takan sa a kawo ta duk mako. Mata su taru bayan la'asar, ta mayar musu da abin da ta ji da Hausa, ta ƙara nata gishirin. In wani a labarin ya yi rashin kirki sai ta tsaya ta zage shi tukuna. Littafin ƙarshe labarin wani mai jirgin ruwa ne da 'ya'yansa. "Ta tafi ta bar mu da bawan Allah a tsakiyar teku, iska ta taso, ba mu san ko ya kai gaɓa ba. Kande ke nan. Ko waina take miki sai ta sa kin jira."

Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta ce ai Yaya ba ta taɓa yarda da zancen ya koma da kansa ba. Duk mako biyu sai ta sa an kai ta maktaba da ƙafarta, ta miƙa na'urar, kuma ba ta zuwa hannu wayam. "Ka taɓa ganin an mayar da kwanon aro babu komai a ciki?" Ta aika aka sayo dubulan a maƙwabta ta ƙulle mini. Ta ce, "Ka kai musu. Kada ka ci a hanya." Nawal tana gefe tana ji.

Ranar Asabar muka koma. Gini ne mai tsabta, shiru kamar masallaci tsakanin salloli. Na nufi ƙofar da Nawal ta nufa, mai gadi ya tare ni da hannu. Ɓangaren mata ne, katin Yaya kuma a can yake. Na tsaya da ƙullin dubulan kamar wanda ya zo zance aka ce yarinya ba ta nan. Usman ya yi magana da mai gadin, ya daɗe yana yi, na ji yana ambaton wasiyya. Mutumin ya dube ni, ya sauke hannu, ya kai mu wata 'yar taga a gefe inda ake miƙa takardu tsakanin ɓangarorin biyu. Gilashinta mai duhu ne, sai wata kafa a ƙasa. Nawal ta shiga ta ciki, ni ina waje, ita ce tafinta.

Ma'aikaciyar ban ga fuskarta ba, muryarta kawai na ji. Da Nawal ta ambaci suna sai muryar ta washe, ta yi magana da sauri. Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ina Hajja, ta daɗe ba ta zo ba. Ta ɗauka Nijeriya ta tafi. Wai akwai sababbi da suka zo, ta san za ta so su."

Ba wanda ya gaya mata. Nawal ce ta faɗa, da Larabci, a gajarce. Na ji an ja kujera. Matar ta yi salati, ta yi ta'aziyya irin tasu. Mai gadi ya kawo mini kujera, ban zauna ba.

Da ta natsu sai na ce a gaya mata ni ƙanen marigayiya ne, daga Nijeriya na zo, ta bar mini saƙo in mayar da littafinsu. Ta amsa da abin da Nawal ta riga ta gaya mini, cewa ya dawo da kansa ranar da lokacinsa ya cika, babu komai a kan Hajja. Na ce a yi mini haƙuri, ni tela ne, ban san kwamfuta ba, amma ga sunansa nan a cikin na'ura har yanzu. Ta ce wannan kamar ɓawo ne, abin cikin ya tafi.

Ban gamsu ba, kuma ban san yadda zan faɗa ba tare da na zama kamar ina ƙaryata ta ba.

Nawal ce ta yi wata tambaya don kanta. Ta ce tunda tana da nata katin, ko za a ba ta aron littafin nan, ta ji ƙarshensa. Na ji ana danna kwamfuta. Sai matar ta ba da haƙuri.

"Ta ce ba zai yiwu yau ba, Kawu. Yana hannun wata."

Na ce, "Wace wata? Ba ga shi nan a na'urar Yaya ba?"

Matar ta yi bayani, Nawal tana juyawa. Su ma ba kyauta suke samu ba. Wurin masu littafin suke sayen izini, kuma na wannan guda ɗaya suka saya. Guda ɗaya kuwa mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya, daidai da na takarda, duk da ba a ganinsa. In yana hannun wani, sauran sai su shiga layi. Tun bayan Hajja ya shiga hannuwa da dama, yanzu yana wurin wata, akwai kuma masu jira.

Na ce, "Tsaya. In da yana wurin Yaya, wata za ta iya ɗauka?"

"Ta ce a'a. Mustahil."

Wannan na gane shi. Dutsen guga ɗaya ne a shagona. In yana hannun maƙwabcina na dama, to na hagu ya dawo da shi ke nan. Ban san lokacin da na yi dariya ba, ni da aka hana 'yata aro. Mai gadi ya juyo yana kallona. Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata wanda na ɗauko tun daga Funtuwa.

Duk da haka na ce wa Nawal ta ba ni na'urar ta kafar tagar. Ta ɗan yi jinkiri, ta turo. Na ɗora ta a kan ƙullin dubulan, na ce a roƙar mini matar kada ta goge komai, ta karɓa kawai da hannunta. Na tura. Na ga yatsu sun ɗauka. Matar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta yi magana.

"Ta ce haka Ummi take yi. Tun suna cewa ba a karɓar kyauta a nan har suka gaji. Wai har masu shara sun san ranar zuwanta."

Sannan matar ta ce wani abu a hankali, ta maimaita, don ni. Ban buƙaci tafinta ba, amma Nawal ta faɗa: "Mun karɓa. Amana ta iso. Allah ya jiƙan Hajja."

Na ce amin.

Ta mayar wa Nawal na'urar yadda take. Ta sa sunanta a layi, ta ce in nata ya zo za a aiko mata saƙo, ta zuba a wannan na'urar, mai yiwuwa ya ci gaba daga inda aka tsaya, amma ba ta yi alkawari ba. Ta tambaya ko a rufe rajistar Hajja. Nawal ta ce a rufe, amma a bar mata katin. Na tambaya yaushe layin zai zo kanta. Aka lissafa, ya wuce ranar jirgina. Nawal ta ce za ta riƙa ji tana kai wa su Hajiya Tabawa, in Hausarta ta isa. Na ce in ba ta isa ba su za su cika mata, ba a rasa baki a lungun nan ba.

Da muka fito an kira azahar, kantuna suna ta sauke ƙofofi. Wannan gaskiya ne, ga masu tambaya. Bayan salla na ce wa Usman ya kai ni maƙabarta.

A can mata ba sa shiga. Nawal ba ta taɓa ganin inda uwarta take ba, iyakarta bakin katanga. Ta zauna a mota. Ciki fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudun kabari irin namu, ba suna, ba alama, sai ƙananan duwatsu a jere, duk iri ɗaya. Usman yana cikin waɗanda suka sa ta, amma an ƙara layuka tun lokacin. Ya tsaya ya duba katanga, ya duba wata bishiya, ya ce, "Kawu, tsakanin nan da can ne. Ban isa in ce wannan ne ba."

Na yi sallama ga dukkansu. Na yi addu'ar da na iya. Usman ya ja baya ya ba ni wuri. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Na faɗi abin da na zo faɗa, ba da ƙarfi ba, ina kallon tsakiyar layin.

Da na dawo mota Nawal ta juyo daga kujerar baya.

"Ka gan ta, Kawu?"

"Na ga inda take."

"Me ka ce mata?"

"Na ce mata na kai, sun karɓa, har ma yana hannun wata."

"Shi ke nan?"

"Na ce kuma kin shiga layi."

Ta gyaɗa kai, ta juya fuskarta wajen katangar. Usman bai tada motar ba sai da ta ce mu tafi.